Waiwaye: Mun Matse Fim Ya Shiga Aljihu, Mun Bar Uwar Kaset Ta Lalace

Tsakanin wajen 2006 da 2014 an yi wata sana'a a Abuja wadda ta ciyar da matasa masu yawa, yau kuwa sai an yi wa yaro dogon bayani kafin ya gane yadda take. Jarinta bai taka kara ya karya ba: tsohuwar kwamfuta, teburi, lema, ƙaramin janareta, lasifika mai ƙara da tarin igiyoyin haɗi. Mai sana'ar yakan kafa teburinsa a bakin kasuwa ko tashar mota, sau da yawa kusa da mai cajin waya, jama'a su yi ta miƙo masa memori kowa na faɗin abin da yake so. Wannan ya ce a sa masa sabon fim ɗin Ali Nuhu, wancan ya ce tafsirin bana, wani ya ce waƙoƙin Shata duk waɗanda suka samu. Masu turi ake ce musu, wasu su ce 'yan dawunlodin. Abin da mai saye yake gani shi ne turin, wanda ba ya wuce 'yan mintoci. Ainihin aikin kuwa da dare ake yin sa, bayan an tashi daga kasuwa: a juyo fim daga faifai, a matse shi ya ƙanƙance har ƙaramar waya ta yarda ta buɗe shi.

A cikin gari, Banex Plaza da ke kan titin Aminu Kano a Wuse 2, da kasuwar wayoyi ta GSM Village, da babbar kasuwar Wuse, nan ake sayen waya da memori da kayan aikin. Amma cinikin turi ya fi ci a gefen gari: Nyanya, Karu, Mararaba, Kubwa, Dei-Dei, Zuba, Lugbe da Gwagwalada. Dalilin a bayyane yake. Tun da aka dawo da fadar gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, birnin yake ta jan 'yan ci-rani daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zamfara da Jigawa, har da Maraɗi da Damagaram. Su ne masu gadi a Maitama da Asokoro, su ne masu shayi, 'yan garuwa, leburorin gini, masu wankin takalmi da 'yan acaɓa. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, da hana acaɓa shiga tsakiyar birni a watan Oktoban 2006, sun ƙara tura talaka can nesa, inda zai kwana ya yi sammakon shiga gari, ya shafe sa'o'i a cunkoson hanyar Nyanya safe da yamma.

Irin wannan mutumin ba shi da falo, ba shi da talabijin, wani ma ɗakin kwanan ba nasa ba ne. Iyalinsa na gida, sai sallah ko damina yake ganinsu. A Kano ko Zariya, fim abin kallon gida ne: a kunna bidiyo bayan isha'i, mata da yara su kewaye. A Abuja kuwa kallon ya koma na mutum ɗaya a ɗakin gadi, ko kawuna huɗu a kan waya guda a gindin teburin mai shayi. Wanda ya yi nisa da gida, jin Hausa zalla daga bakin 'yan wasan da ya sani ko malamin da ya saba saurare ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Wannan kewar ce ta riƙe sana'ar, ita ce kuma ta sa babu wanda ya damu da cewa hoton ya dusashe.

Kafin a gane wahalar aikin, sai an tuna da na'urorin lokacin. Wayar salula ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001, kuma wayoyin farko kira da saƙo kawai suke yi. Daga baya aka samu masu launi da gurbin memori, irin su Nokia 6600 ta 2003, da N70 ta 2005, da N73, sai kuma wayoyin Caina masu layi biyu da ƙarar tsiya, waɗanda su ne suka kai ga hannun talaka. A watan Oktoban 2005 kamfanin Apple ya fitar da iPod mai nuna bidiyo, amma wannan sai 'ya'yan masu hali. Abin da ya cika kasuwa shi ne ƙananan na'urorin nan da ake kira MP4, masu fuska kamar akwatin ashana. Abin takaici, da yawansu ba sa buɗe fayil ɗin MP4 ɗin ma. Wani tsari suke karantawa mai suna AMV, shi ya sa ake sako ɗan ƙaramin faifai a kwalinsu ɗauke da manhajar da za ta juya musu bidiyo. Kowace na'ura da abin da take ganewa. Fim ɗin da ya buɗe a wayar abokinka, a taka sai ya ƙi, ko murya ta fito babu hoto.

Fina-finan Hausa kuwa a lokacin sun baro kaset sun koma faifan VCD, daga baya DVD. Hoton VCD yana da ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye, kuma duk minti ɗaya yana cin wajen megabait 10, don haka fim mai tsawon minti 90 yana neman kusan megabait 900. DVD ya fi haka nesa, ɗigo 720 da 576, faifai guda na ɗaukar gigabait 4.7. Memorin da ke hannun yawancin mutane bai wuce megabait 256 ko 512 ba, wanda ya mallaki mai giga 1 ko 2 ya zama babba. Mafita ita ce tsarin 3GP, wanda aka ƙirƙira domin wayoyin hannu. A nan hoton yakan koma ɗigo 176 da 144. In ka yi lissafi, rubu'in na VCD ke nan cif, kuma wajen kashi 1 cikin 16 na DVD. Hotuna 25 da ke wucewa a kowace daƙiƙa sukan koma 15 ko ƙasa da haka. Da wannan ne fim ɗin da ya cika faifai biyu yake komawa ƙasa da megabait 100.

Masu turi sun ƙware a wannan lissafi ba tare da sun shiga aji an koya musu ba. Kowannensu yana da manhajar da ya amince da ita, wadda suke kira kwanbata: Total Video Converter, Xilisoft, Any Video Converter, sai kuma Format Factory wadda ta fito daga Caina ta mamaye ko'ina saboda kyauta ce. Da yawa daga cikin irin waɗannan manhajoji a kan FFmpeg aka gina su, aikin da wani Bafaranshe mai suna Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000 ya bar shi kyauta ga duniya. Za a zura faifai, a kwafo fayil ɗin fim ɗin, a zaɓi girman hoto da nauyin sauti, a jera fina-finai a layi, a bar kwamfuta tana gurnani har asuba. In aka ɗauke wuta a tsakiya, aiki ya koma farko. Gwani a cikinsu da ya kalli wayarka ya san abin da za ta ɗauka. Mai saye kuma yana da ƙorafe-ƙorafensa da kowa ya haddace: "Malam, wannan ya ƙi buɗewa." "Murya tana riga baki." "Ya cinye mini memori." Sai mai turi ya karɓa ya ce, "Kawo in sa maka mara nauyi."

Ba zan taɓa raina abin da waɗannan matasa suka yi ba. A lokacin da intanet take sai a shagon kafe, ana biya da awa, shafi ɗaya na ɗaukar mintoci kafin ya buɗe, su ne suka zama hanyar da ilimi da nishaɗi ke bi su isa ga wanda ba shi da komai. Da naira 50 ko ƙasa da haka mai gadi yana samun abin da zai raka shi dare. Ta hannunsu tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu tun 1992, ya isa kunnen yaran da ba su riske shi ba. Bayan kisan Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a watan Afrilun 2007, karatuttukansa sun bazu daga memori zuwa memori fiye da yadda kaset ya taɓa kai su. Haka waƙoƙin Mamman Shata, Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge, haka fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa. Wanda ya saya a Mararaba zai tura wa goma ta Bluetooth, in ya je gida da sallah ya tura wa ƙauye guda. Da yawa daga masu gyaran waya da masu tace bidiyo na yau a kan waɗannan teburan suka fara taɓa kwamfuta.

Sai dai akwai abin da ba mu fahimta ba a lokacin, kuma shi ne dalilin wannan waiwaye. Matse bidiyo ba naɗe shi ake yi a ajiye ba, yanke shi ake yi a zubar da saura. Manhajar takan ajiye cikakken hoto ɗaya, sannan a hotunan da ke biye ta rubuta abin da ya canza kawai. Takan raba hoton gida-gida, ta haɗe launukan da suka yi kama, ta watsar da duk ƙananan bayanan da take ganin ido ba zai lura da su ba. Iya yadda ka matsa mata ta rage nauyi, iya yawan abin da za ta zubar. Tela yana iya rage babbar riga ta zama ta yaro, amma babu telan da zai mayar da rigar yaron babbar riga, domin ƙyallen da almakashi ya ci ya tafi. Mutane da yawa sun yi ta juya 3GP zuwa MP4 suna zaton hoton zai washe. Fayil ɗin ya ƙara nauyi, hoton yana nan yadda yake, wani lokacin ma ya ƙara lalacewa.

Wannan ne ya sa wasu abubuwan suka fi wasu shan wahala. Malamin da ke zaune a kujera yana karatu, bangon bayansa ba ya motsi, bidiyonsa yakan fito da dama-dama, tunda abin da ke canzawa kaɗan ne. Amma rawa da waƙa, waɗanda su ne gishirin fina-finan wancan zamani, da an fara juyi sai hoton ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai, fuska ta narke cikin mayafi. Sautin ma haka. Tsarin AMR da ake haɗawa da 3GP domin maganar waya aka yi shi: yana ɗaukar samfurin sauti sau 8,000 a daƙiƙa, alhali faifan CD yana ɗaukar 44,100. Maganar mutum tana fita, amma zurfin kalangu da zaƙin kuntigi da kukan kukuma sai su zama ƙara kawai. Fassarar Turanci da ake rubutawa a ƙasan fim ba ta karantuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunayen da ke fitowa a ƙarshen fim. Ko dai su dusashe, ko mai turi ya datse su gaba ɗaya don rage nauyi. Marubucin labari, mai ɗaukar hoto, mai tacewa, mai kiɗa, duk sai fim ya yi ta yawo babu sunansu.

Kuma ba sau ɗaya ake juyin ba. Fim ɗin da aka ɗauka a kaset, an juya shi zuwa VCD, daga nan zuwa 3GP, wani ya sake mayar da shi MP4, wani ya manna tambarin shagonsa da lambar wayarsa a kai, wani ya ɗora a YouTube, wani ya sauke ya tura ta WhatsApp. A kowane mataki sai an zubar da wani abu. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya yi bayani a littafinsa Signal and Noise na 2008 kan yadda kwafe-kwafen kaset ya sa masu kallo suka saba da hoto mai dishi-dishi da sauti mai shaƙewa. Zamanin memori ya zo ya ɗora a kan wannan sabo. Mun saba da gurɓataccen kwafi har muka daina tambayar ina na asalin yake.

A nan ne maganar kuɗi ta shigo, domin ba za a raba ta da maganar ajiya ba. Naira 50 ɗin nan da ake biya a teburi, ko kwabo ba ya isa hannun wanda ya kashe dukiyarsa ya shirya fim. Faifai guda ake saye, ya wadatar da unguwa. Sannu a hankali cinikin faifai ya mutu, 'yan kasuwar fim na Ƙofar Wambai a Kano, waɗanda a da su ne ƙashin bayan harkar, suka rasa abin sayarwa, kamfanoni da dama suka rufe. Furodusan da ya karye ba shi da ofis, balle ɗaki mai sanyi da zai adana kaset. Uwar kaset, wato kaset ɗin asali, takan ƙare a kwali a ƙarƙashin gado, ko a shagon da ruwa ya shiga, ko a sake ɗaukar wani abu a kanta saboda sabon kaset tsada. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ta bunƙasa da irin su Sangaya da Wasila, ta fitar da fina-finai masu ɗimbin yawa. Duk wanda ya nemi na farko-farkon nan a intanet ya san abin da yake samu: in an dace, kwafi mai hazo da aka ciro daga faifan kasuwa, in ba a dace ba, suna kawai ya rage a bakin waɗanda suka kalla.

Abin bai tsaya kan fim ba, ya shigo har cikin gidajenmu. Wani maƙwabcina a Kubwa ya taɓa nuna mini bidiyon bikinsa a wata tsohuwar memori. A ciki akwai mahaifiyarsa, Allah Ya jiƙanta, tana sa musu albarka, kuma wannan ne kaɗai hoto mai motsi da ya rage nata a duniya. Burinsa 'ya'yansa su ga kakarsu a babban talabijin. Da aka haɗa, sai fuskar ta zama inuwa, ba a bambance ido da hanci. Faifan da aka ba shi ya ƙarce tun tuni, ya yar da shi saboda yana ganin ai yana da shi a waya. Mai ɗaukar bidiyon kuma ya daɗe da barin sana'ar, kaset ɗin ma an ɗauki wani bikin a kansa. Yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke gyara tsohon hoto, amma abin da suke yi hasashe ne: za su zana fuska mai kyau, sai dai ba lallai ta zama fuskar mahaifiyarsa ba. Gidaje nawa ne a ƙasar Hausa ke da irin wannan labari, na suna, na walimar sauka, na tarbar alhazai?

Da wayoyin Android suka yi araha, Tecno da itel da Infinix suka cika hannu, manhajoji irin su VLC da MX Player suka zo suna buɗe kusan kowane irin bidiyo, sai buƙatar kwanbata ta ragu. Xender ta maye gurbin Bluetooth. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, daga baya shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka riƙa fitowa a YouTube, inda mai fim ke samun wani abu daga kallon da ake yi. Masu turi ba su ƙare ba, har gobe ana samunsu a tashoshi da ƙauyuka saboda tsadar data, amma aikin matsewar ya bar hannunsu. Ya koma hannun manyan kamfanoni, kuma a ɓoye ake yin sa. Duk bidiyon da ka tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo, ko ka ɗora a Facebook ko TikTok, sai an matse shi kafin ya isa. Mu kuma halinmu bai canza ba: da waya ta ce ta cika, sai mu goge na asali, mu ce ai yana nan a guruf ɗin dangi. Kuskuren da aka yi da 3GP shi ake maimaitawa, illa dai yanzu hoton ya fi kyau, don haka asarar ba ta saurin bayyana.

Akwai labarin da ya kamata ya zame mana darasi. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukar ya ɓace. A 2016 aka gano asalin zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal da ke Berlin ta gyara shi da tallafin ofishin jakadancin Jamus da ke nan Abuja, aka kuma nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018, hotonsa tas. Fim ɗin da ya shekara 40 a ajiye ya dawo da ransa, saboda asalinsa bai salwanta ba. Da kwafin waya ne kaɗai ya rage, da duk ƙwararrun Jamus ba su iya komai ba. Ke nan yana yiwuwa jikokinmu su kalli fim ɗin 1976 garau, amma su kasa gane fuskokin 'yan wasan 2003. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Kaset ba ya dawwama: zafi, laima, ƙura da fumfuna suna cin sa ko ba a taɓa shi ba. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo mai kaset, ya daina a watan Yulin 2016. A 2019 hukumar UNESCO ta yi gargaɗin cewa na'urorin da ke karanta kaset suna gab da ƙarewa a duniya, kuma abin da ba a juya ba kafin su ƙare zai iya tafiya har abada. Faifan da aka ƙona a kwamfuta shi ma yana ruɓewa, memori kuma takan mutu rana ɗaya ba sallama, balle ta jabu. Wannan barazana ba kan fina-finan Kano kaɗai take ba. Ta shafi wasannin talabijin na su Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero, da hirarrakin rediyo, da karatuttukan malamai, da hawan sallah na sarakunan da suka shuɗe. Ko BBC da ƙarfinta ta yi asarar tsofaffin shirye-shirye masu yawa saboda goge kaset a sake amfani da shi, har yau tana cigiyar wasu.

Hukumomin da za su iya ceto abin da ya rage, yawancinsu a Abuja suke. Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, nan hedikwatarta take, kuma bisa doka fim yana bi ta hannunta kafin ya shiga kasuwa, haka ma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tun 2001. Ya dace su duba abin da ke ɗakunan ajiyarsu, su juya shi da cikakken inganci. Hedikwatar NTA tana Area 11 a Garki, tashoshinta na Kaduna da Kano da Sakkwato da Jos sun ɗauki tarihin da babu mai irinsa. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana da sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta yi la'akari da zamanin intanet. Ma'ajiyar fim da bidiyo da sauti ta ƙasa tana Jos a ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda a watan Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugabanta, mutumin da ya san ciwon abin daga ciki. Ina kira gare su da su buɗe ƙofa a karɓi tsofaffin kaset daga hannun furodusoshi da magadansu, a juya musu kyauta, a ba su kwafinsu, a ajiye ɗaya wa ƙasa, haƙƙin mallaka kuma ya ci gaba da zama nasu. Jami'ar Bayero da Gidan Arewa na Kaduna suna da masanan da za su taimaka wajen tantancewa da rubuta sunan kowane aiki da na waɗanda suka yi shi. Tsofaffin masu turi ma a neme su, domin a rumbunan kwamfutocinsu akwai abubuwan da ƙila babu su a ko'ina.

Amma kada mu zauna jiran gwamnati. Mai fim, mawaƙi, ɗalibin da ke ɗaukar karatun malaminsa, da uban da ke ɗaukar bidiyon sunan ɗansa, kowa ya riƙe ƙa'ida ɗaya: ƙaramin kwafi na aikawa ne, asali na ajiya ne. In za ka matse bidiyo, matse kwafinsa, ka bar na asalin yadda na'ura ta ɗauke shi. In kana buƙatar wani girman daban, koma kan asalin ka sake juyawa, kada ka juya daga wanda aka riga aka matse. Abin da kake ji da shi, ka ajiye shi wuri 3: ɗaya a kwamfuta ko waya, ɗaya a rumbun ajiya na waje, ɗaya kuma a wani gida daban ko a ma'ajiyar intanet. In za ka tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp don ya adana, tura shi ta wajen da ake tura takardu, a nan ba a taɓa ingancinsa. Ka sa wa fayil suna da kwanan wata da sunayen waɗanda ke ciki. In ka ɗauki mai bidiyo a biki, ka sa a cikin sharaɗi cewa zai ba ka ainihin abin da kyamara ta ɗauka, ba wanda ya tace kaɗai ba. In kuma aikin wani kake kallo, ka bi hanyar da haƙƙinsa zai isa gare shi, domin wanda aka biya shi ne ke da halin adanawa.

Duk wanda ke da tsohon kaset ko faifai a kwali, na bikin iyaye ne, na karatun malami ne ko na fim, ya fito da shi a wannan watan ya nemi mai na'urar da ke aiki tun ana samunsu, ya ce a juya masa da cikakken girma, kuma kada ya yar da kaset ɗin bayan an gama. In kunne ya ji, jiki ya tsira.